Karenmu ya kasa tashi, maƙwabci ya ce a kashe shi kafin gari ya waye

Musa Sinja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi mini afuwa, na san ba irin maganar da muka saba kawowa nan ba ce, amma hankalina ba a kwance yake ba. Karenmu Duna ne ba lafiya. Jiya Litinin muka dawo Gadarif, nan Sudan, daga gona ta wajen Doka, bayan kwana tara muna cire ciyawa a ridi. Tun a hanya na ga yana tangaɗi, ƙafafun baya suna harɗewa, na ce gajiya ce. Yau da la'asar sai ga shi ya kasa miƙewa, yana jan jiki da ƙafafun gaba. Haushinsa ya dishe, in ya buɗe baki sai ka ji kamar tari. Amma hankalinsa yana jikinsa: in ka kira sunansa yana waigowa, yana motsa wutsiya. Bai ciji kowa ba, ko gurnani bai yi wa kowa ba. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce sa'ar ne, haukan kare, in kashe shi kafin gari ya waye saboda yara. Ni kuma zuciyata ta ƙi. Don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka.

Kawu Idi:
Wa alaikumus salam. Musa, ka ji maganar maƙwabcinka. Ni na ga aikin haukan kare da idona. Muna Mai Wurno, ina saurayi, wani kare ya yagi yaron maƙwabtanmu a ƙafa, ɗan rauni ne da ko jinin kirki bai yi ba. Bayan wata biyu yaro ya fara tsoron ruwa, kwana huɗu aka kai shi makwancinsa. Kuma ba kowane mahaukacin kare ne yake gudu yana cizo ba. Akwai wanda kwanciya kawai yake yi, jiki ya mutu, yawu yana dalala. Ran ɗanka da ran kare ba a ɗora su a sikeli ɗaya.

Hajiya Asabe Kasala:
Innalillahi. Allah ya kiyaye mana zuri'a. A raba shi da yara dai tukuna, ko me za a yanke daga baya.

Ɗan Takari:
Ni abin da ban gane ba, me ya kawo kare gidan Musulmi tun farko?

Musa Sinja:
Ɗan'uwa, ba a ɗaki yake kwana ba, a bakin garken tumaki yake. Kuma bari in gaya maka. Da yaƙi ya sa muka baro Sinja ƙarshen watan Yuni na 2024, ba mu ɗauko shi ba, don ko mutane ba su sami wuri a kan karo ba, amalanken jakin nan. Da kansa ya biyo mu, a ƙafa, ta Dindir da Hawata, cikin taɓon damina. Daren da muka kwana a daji shi ne bai runtsa ba. 'Yata Hauwa'u ita ta raine shi tun yana ɗan kwikwiyo, yanzu haka tana can tana kuka, ta ƙi cin tuwo. Abin da ya raka ni a wannan tafiya ba zan ɗora masa sanda a ka ba sai na tabbatar.

Malam Usman:
Ɗan Takari, a yi a hankali. Hadisin da ya hana ajiye kare ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, kuma na Musa na kiwo ne da gona. Mu mutanen Malikiyya ne, a wajenmu kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne. Ana ruwaitowa ma cewa Ibnu Abi Zaidin mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare, aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Kuma kowa ya san labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a huffinsa aka gafarta masa. Amma maganar Kawu Idi ita ma shari'a ce: in ya tabbata mahaukaci ne, kashe shi ake yi, ba jayayya. Saura a sami wanda zai rarrabe mana. Ina Dakta Sani, likitan dabbobi?

Dakta Sani Baitari:
Ga ni, Malam, yanzu wuta ta dawo mana. Musa, ka amsa mini waɗannan. An taɓa yi masa allurar sa'ar? Ka ga wani kare ko dila ya cije shi cikin 'yan watannin nan? Muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana zuba? Ya ci mushe a gona? An yi feshin maganin ƙwari inda yake kwanciya? Jikinsa da zafi? In ka matsa bayansa yana kuka?

Musa Sinja:
Allura sau ɗaya aka yi masa, a Sinja, tun kafin yaƙi. Cizo ban gani ba, babu rauni a jikinsa. Baki a rufe yake, yawu kaɗan ne. Mushe ban ga ya ci ba. Feshi ba mu yi ba bana. Jiki ba zafi, na matsa bayan bai yi kuka ba.

Dakta Sani Baitari:
To. Maganar Kawu gaskiya ce, akwai haukan kare mai kwantarwa, kuma allura ɗaya ta shekarun baya ba za ta sa mu saki jiki ba. Saboda haka a killace shi, yara kada su raɓe shi, Hauwa'u ma haka. Kai kaɗai za ka taɓa shi, da safar hannu ko leda mai kauri, kuma kada hannunka ya shiga bakinsa. Karen da sa'ar ya bayyana a jikinsa ba ya wuce kwana 10, kuma ba ya samun sauƙi, kullum gaba abin yake yi. Killacewa ta ishe mu kariya, ba sai an kashe a daren nan ba.

Amma abin da ka zayyana ya fi kama da shanyewar kaska, gurad ɗin nan da muka raina. Macen kaska in ta kafa baki ta yi kamar kwana 5 zuwa 7 tana shan jini, akwai irin da yawunta yake ɗauke da dafi. Dafin nan yana tare saƙon da jijiya take aika wa tsoka. Jijiya lafiyarta ƙalau, tsoka ma haka, saƙon ne ba ya ƙetarawa. Shi ya sa kare yana ji yana gani, yana son tashi, ƙafa ta ƙi, kuma babu zazzaɓi, babu raɗaɗi. Daga ƙafafun baya yake farawa ya hau gaba, ya kama maƙogwaro, abin da ya dishe masa murya ke nan, daga nan sai ƙirji. Kwana tara cikin ciyawar damina ya dace da lissafin. Babu gwajin jinin da yake nuna wannan ciwo. Hanyar ganewa ɗaya ce: a cire kaska a ga ko zai tashi.

Ɗauki tocila yanzu. Kwance igiyar wuyansa. Bi jikinsa da yatsu daga hanci har wutsiya: cikin kunne, bayan kunne, gefen ido, ƙarƙashin haɓa, hammata, matsematsi, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wutsiya.

Garba Mai Raksha:
Kaska ai sauƙi gare ta. Shafa masa baƙin mai na inji ko kananzir, duk za su zube. Ko ka ɗosa musu garwashi.

Isiyaku Hawata:
A'a, maganin wankan shanu ya fi. Ka zuba da kauri ka yi masa wanka, ko ɗaya ba za ta rage ba.

Dakta Sani Baitari:
Don Allah Musa kada ka yi ko ɗaya. Mai da kananzir da wuta ba sa sa kaska ta saki da wuri, suna dai sa ta ƙara amayar da yawu cikin jiki, ga ƙona fata, ga kare zai lashe. Maganin wankan shanu kuwa, musamman mai amitraz, in aka zuba da kauri a jikin karen da numfashinsa ya riga ya yi rauni, shi zai ƙarasa shi. Na ga karnuka da yawa da kaska ba ta kashe ba, wankan ne ya kashe. Nemi mungashi, hantsakin nan na cire ƙaya. Kama ta daidai inda bakinta ya shiga fata, ba a tumbinta ba, ka ja a miƙe sannu a hankali har ta fito. Ka jefa a kwalba mai murfi. Ka wanke wurin da sabulu.

Sai abu mafi muhimmanci a daren nan: kada a ɗura masa ruwa ko nono ko koko. Maƙogwaron ba ya haɗiya daidai, abin da aka ɗura huhu zai tafi. Kuma kada a ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane.

Musa Sinja:
Subhanallah. Ƙarƙashin igiyar wuyan na samu wata ƙatuwa, launin toka, ta kumbura kamar ƙwayar gyaɗa. Baƙin gashi ne ya ɓoye ta, kullum ina shafa kansa ban taɓa jin ta ba. Na cire ta da kanta gaba ɗaya. Ƙanana jajaye kuma na cire sun fi ashirin a kunne da tsakanin yatsu.

Bello Mai Tumaki:
Kaska raɓi mai jini! Dakta, wannan abu mu mun san shi a 'yan raguna. Ɗan rago lafiyayye sai ka ga ya durƙushe ta baya, yana son tsotso ya kasa tsayawa. Mahaifina ba ya tambayar kowa, wutsiya yake ɗagawa. Akwai wata mai jan ƙafa da take maƙalewa a nan. Ya cire, ya ajiye shi a inuwa, kwana ɗaya biyu ya tashi. Ban taɓa kawowa a raina tana yi wa kare haka ba.

Dakta Sani Baitari:
Haka ne, Malam Bello. Mai jan ƙafar nan mun karanta ta a makarantar likitancin dabbobi ta Shambat, sananniya ce wajen shanye 'yan tumaki a Afirka. A kare abin bai yawaita a nan ba kamar Ostireliya da Amurka. Ta Ostireliya ce mafi muni, har allurar kashe dafinta suke da ita, kuma kare yakan ƙara tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan an cire. Ta Amurka yawanci in an cire, cikin kwana 1 zuwa 3 ake ganin sauƙi. Abin da kaska ta fi jawo wa karnukanmu shi ne zazzaɓin da yake shanye jini, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Shi ma Musa ya sa ido a kansa nan da makonni masu zuwa.

Musa Sinja:
Jama'a, yau Laraba da azahar, abin bai yi daɗi ba. Ƙafafun gaba ma sun saki. Kai kawai yake ɗagawa, da ƙyar. Numfashi yana fita da nishi. Ya yi kakarin amai sau biyu. Maƙwabcin nan ya sake zuwa, har da wasu mutum biyu.

Kawu Idi:
Ɗana, ba don in ɓata maka rai ba. An cire kaska, ciwo ya ci gaba. Dakta da bakinsa ya ce sa'ar gaba yake yi. Me ake jira?

Ɗan Takari:
Kuma a duba, mutane suna kwana a makarantu da yunwa a garin nan, mu muna nan kwana biyu a kan kare.

Hajiya Asabe Kasala:
Haba Ɗan Takari. Tausayin kare bai rage wa kowa tuwonsa ba. Musa ɗin nan da kake gani, iyali biyu ne suke zaune a rakubarsa, rumfar gidansa, tun bara, ba danginsa ba ne. Wanda zuciyarsa ta yi laushi ga dabba ba ta yin tauri ga mutum.

Dakta Sani Baitari:
Kawu, ina ganin girmanka, ka ba ni zuwa jibi. Yana killace, ba ya iya ko rarrafe, ba wanda zai cutar. Dafin da ya riga ya shiga jiki ba ya fita nan take. Amma Musa, ni abin da na fi zargi shi ne akwai wata da ta rage. Guda ɗaya tak ta isa ta riƙe shi a ƙasa. Nemo almakashi a rage gashin wuya da kai da ƙirji, a sake bi daga farko, kuma wani ya bi bayanka, don hannun da ya tsallake wuri sau ɗaya yakan sake tsallakewa.

Kwantar da shi a kan ƙirji, ba a gefe ba, ka tokare shi da buhu dama da hagu, kai ya ɗan fi jiki tudu. Wuri mai sanyi da iska, ba hayaniya, don zafi da firgita suna ƙara masa wahalar numfashi. In ya gaji ya kwanta a gefe, a riƙa juya shi duk bayan awa huɗu. A lura ko yana fitsari, a canza shimfiɗa in ta jiƙe. Ka je ofishin baitari, na likitocin dabbobi, ka roƙi wani ya zo ya sa masa ruwa ta jijiya ko ƙarƙashin fata, tunda ba a ba shi komai ta baki. In harshe ya fara komawa shuɗi, kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Musa Sinja:
Allahu Akbar. Maman Hauwa'u ce ta samo ta. Ta sa safar hannu ta ce in riƙe tocila, ta bi shi layi-layi yadda take tsefe kan yara in tana neman ƙwarƙwata. Can cikin kunnen hagu, a wani lungu da fata ta naɗe, sai ga ta, ta fi ta jiya girma. Sau uku na duba kunnen nan jiya. Wani ma'aikacin baitari ya zo da yamma, ya sa masa ruwa ƙarƙashin fata, ya duba bakinsa da idonsa, shi ma ya ce a ci gaba da killacewa.

Sista Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki ta ɓangaren mutane. Kada wanda ya fasa kaska da farce, al'adar nan tamu ce amma mummuna ce. Kaskar shanu da raƙuma tana ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini, kuma yana ƙasar nan, a 2008 ya ɓarke a asibitin Fula ta Kurdufan har ya taɓa ma'aikata. A jefa su a kwalba da ɗan kananzir ko a ƙone su, bayan an cire ba a jiki ba. Sannan shanyewar nan tana kama yara, an fi ganinta ga 'yan mata ƙanana saboda kaska tana ɓuya cikin gashi. Yarinya ta dawo daga gona ko kiwo, bayan 'yan kwanaki ƙafa ta fara sanyi, a tsefe kai a duba ƙeya da bayan kunne a kan hanyar asibiti. Maman Hauwa'u ta duba kan yaranta yau ɗin nan. Kuma duk wanda kare ya ciza ko ya yaga, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi neman allura a ranar, kada ya jira ya ga ko karen zai mutu.

Musa Sinja:
An duba su duka, Sista, ba a sami komai ba, alhamdu lillahi. Daren jiya ban kwanta ba, ina zaune kusa da shi a rakuba ina ƙirga numfashinsa. Wajen asuba nishin ya ragu. Yau Alhamis ya riƙe kansa sama da daɗewa, ya lashi tsumman da na jiƙa masa.

Dakta Sani Baitari:
Madalla. Kada a yi gaggawa. Gobe in ya iya riƙe kai sosai, a ajiye masa ruwa cokali biyu uku a faranti ya lasa da kansa. In bai yi tari ba a ƙara. Abinci sai ruwa ya zauna, shi ma mai laushi, kaɗan-kaɗan.

Musa Sinja:
Jama'a, ku taya ni godiya ga Allah. Jiya Juma'a ya dogara da ƙafafun gaba ya zauna. Ya sha ruwa bai ƙware ba. Yau Asabar da safe ina ba tumaki dusa, na waigo sai na gan shi a tsaye, ƙafafu huɗu suna rawa. Taku biyar ya yi ya zube, ya sake tashi. Hauwa'u tana leƙe ta taga tana kiran sunansa, na hana ta fitowa. Muryar dai har yanzu a dishe take. Maƙwabcina ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba, da zai tafi ya ce in ara masa mungashin, akwai ɗan akuyarsa da yake so ya duba.

Malam Usman:
Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Dakta da Maman Hauwa'u da alheri.

Kawu Idi:
Gani ya kori ji. Mahaukacin kare ba ya tashi, wannan na yarda. Na yi murna, Musa, har ga Allah. Amma ban janye tsorona ba, kuma gobe in wani ya kawo irin wannan magana, abin da zan fara ce masa shi ne ya raba kare da yara. Ka cika kwana goman nan, kada ka rage ko ɗaya. Sannan ka kai shi a yi masa allura. Kare yana kwana a daji tare da dila, shekara uku ba allura, wannan ba daidai ba ne.

Musa Sinja:
Gaskiyarka, Kawu, na karɓa. Sakaci ne daga gare ni.

Dakta Sani Baitari:
Ni ma ina bayan Kawu a nan. A bari ya murmure tukuna, kamar mako biyu, sai a yi allurar, kuma ka tabbatar daga firji ko cikin ƙanƙara aka fito da ita, don wadda zafi ya buga ruwa ce kawai. Kada ya koma gona ko bin tumaki sai bayan mako biyu zuwa uku, ƙirjin bai gama dawowa ba ko da ƙafa ta tsaya. Kuma kada ka ɗauka ya warke ke nan har abada, wata kaskar za ta iya sake kwantar da shi.

Ƙananan jajayen nan da ka cire su ne kaskar kare ta gida. Ba daga daji kaɗai suke zuwa ba. Macen in ta ƙoshi takan faɗo, ta hau bango ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai. Ka share inda yake kwana, ka ƙone tsohon buhun, ka yaɓe tsagogin katanga, a yi feshi a bango lokacin da ba ya wurin. A jikinsa kuma akwai na ɗigawa a ƙeya mai fipronil, duk wata. Akwai na taunawa irin NexGard, shi ma duk wata, da Bravecto mai kai wata biyu zuwa uku. Gwargwadon nauyin kare ake bayarwa, a auna shi.

Abu Hafsa Jidda:
Dakta, na taunawar nan akwai su a shagunan baitari a nan Jidda. Ƙanina zai sauka Bur Sudan ƙarshen wata, daga nan Gadarif zai wuce. Musa, turo mini nauyinsa in sa masa a kaya.

Musa Sinja:
Allah ya saka, Yaya. Na rungume shi mun hau sikelin mai sayen ridi, aka cire nawa, kilo 17 ya rage. Ya rame sosai. Yau kwana goma sha ɗaya, na buɗe masa, Hauwa'u ce ta kai masa abinci da hannunta. Daren jiya wani ya wuce ta bayan garke, Duna ya yi haushi sau uku, muryar ta kusa komawa yadda take. Har yanzu a ɗaure yake da doguwar igiya, don da ya ji tumaki sun fita sai ya zabura zai bi. Igiyar wuyan kuma kullum da yamma sai na kwance ta na duba ƙarƙashi.

Bello Mai Tumaki:
Ka duba tumakin su ma, Musa, tunda wuri ɗaya suke kwana. Fara da 'yan ƙananan, ka ɗaga wutsiya.